Yadda Ake Binciken Babbar Lamba Mataki-Mataki, Daga Karanta Ta Har Zuwa Gano Masu Raba Ta

Duk wanda ke harkar kasuwanci a Legas, ko dillalin tumatir da albasa ne a Mile 12, ko mai sayar da shanu a Oko-Oba ta Agege, ko ɗan canji a Broad Street, ya san cewa lambobin da ke shiga littafinsa a yau sun fi na shekarun baya tsawo, domin cinikin da a da ake ambatonsa da dubbai yanzu da miliyoyi ake yin sa. Haka ma ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko JAMB yakan ci karo da doguwar lamba, a ce masa ya faɗi ko kaza zai raba ta ba tare da saura ba. Abin da na lura shi ne, da zarar lamba ta haura alƙaluma tara ko goma, mutane da yawa sai su miƙa wuya ga kalkuleta, duk abin da ta nuna su karɓa. Alhali kuwa babbar lamba tana da siffofi masu yawa da ake iya ganowa da biro da takarda, muddin an jera tambayoyin yadda ya kamata: a fara da waɗanda ido kaɗai ke amsawa, a bar masu wahala sai lambar ta ƙanƙance. Mai sayen rago a kara yakan duba haƙora da ƙafafu tun kafin ya taya, kuma haka ya kamata a tunkari lamba.

Za mu yi aikin ne da lamba guda ɗaya daga farko har ƙarshe, wato 247967509608, kuma ina ba mai karatu shawara ya ɗauko takarda ya riƙa yin kowane lissafi da hannunsa.

Mataki na farko: ka tantance ta, ka rubuta ta, ka karanta ta

Kafin komai, ka tabbatar adadi ne a gabanka. Lambar waya mai alƙaluma 11, da BVN da NIN waɗanda su ma alƙaluma 11 ne, da lambar asusun banki mai alƙaluma 10, duk sunaye ne da aka rubuta da alƙaluma, ba a tara su kuma ba a raba su, shi ya sa sifilin da ke farkon lambar waya yake da muhimmanci alhali a adadi ba shi da wani aiki.

Idan adadi ne, sai ka sa waƙafi bayan kowane alƙaluma uku, kana farawa daga hannun dama. Lambarmu za ta koma 247,967,509,608, wato rukuni huɗu, alƙaluma 12. Rukunin da ke can dama shi ne na ɗaruruwa, mai bi masa na dubbai, sai na miliyoyi, sai na biliyoyi. Karatunta ke nan: biliyan ɗari biyu da arba'in da bakwai, da miliyan ɗari tara da sittin da bakwai, da dubu ɗari biyar da tara, da ɗari shida da takwas. A nan akwai wurin yin hattara, domin "dubu ɗari biyar da tara" tana iya nufin 509,000, tana kuma iya nufin 500,009, kuma a ciniki ta waya irin wannan yakan jawo saɓani. Mafita ita ce a ce "dubu ɗari biyar da dubu tara", sannan a karanta alƙaluman ɗaya bayan ɗaya, a kuma faɗi yawansu.

Yana da kyau ka auna girmanta da abin da hankali zai iya kamawa. Daƙiƙa miliyan ɗaya kwana 11 da rabi ce, daƙiƙa biliyan ɗaya kuwa ta kusa shekara 32. Wanda zai ƙirga lambarmu ɗaya-ɗaya, kowace daƙiƙa ƙirge guda, dare da rana babu hutu, zai buƙaci fiye da shekara 7,800.

Mataki na biyu: ka dubi wutsiyarta

Alƙalamin ƙarshe shi ne 8, saboda haka lambar cika ce, ba mara ba, wato 2 yana raba ta. Tunda ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, 5 ba ya raba ta, haka 10. Don sanin ko 4 yana raba ta, alƙaluma biyu na ƙarshe sun wadatar: 08 ya rabu da 4. Don 8 kuwa sai a ɗauki uku na ƙarshe: 608 a raba 8 ya ba da 76 daidai. Dalilin da ya sa ake watsi da sauran lambar shi ne 1,000 kansa 8 ne sau 125, saboda haka duk abin da ke rukunin dubbai zuwa sama ya riga ya rabu da 8, ragowar alƙaluma ukun ne kaɗai ke da ta cewa. Ka ci gaba da wannan hanya zuwa 16 da alƙaluma huɗu na ƙarshe: 9,608 a raba 16 ya ba da 600 da saura 8. A nan aka tsaya, kuma mun san cewa 2 yana cikin lambar sau uku, ba ƙari ba ragi.

Wutsiyar ta kuma amsa wata tambaya a kyauta. Duk lambar da aka ninka da kanta, wato murabba'i, sakamakon yana ƙarewa ne da 0, 1, 4, 5, 6 ko 9. Lambar da ta ƙare da 2, 3, 7 ko 8 ba za ta taɓa zama murabba'i ba, saboda haka tamu ba murabba'i ba ce. Ka riƙe wannan ƙa'ida, za ta yi mana babban aiki a gaba.

Mataki na uku: ka tara alƙalumanta

Ka tara 2, 4, 7, 9, 6, 7, 5, 0, 9, 6, 0 da 8, za ka sami 63. Tunda 63 ya rabu da 3 ya kuma rabu da 9, lambar ma ta rabu da su. Sirrin abin shi ne 10 ya zarce 9 da ɗaya, 100 ya zarce 99 da ɗaya, 1,000 ya zarce 999 da ɗaya, don haka kowane alƙalami, ko a wane gurbi yake zaune, ragowar da yake bari idan an raba da 9 daidai take da shi kansa.

Wannan ƙa'ida tana da amfani a littafin ciniki fiye da yadda ake zato, kuma ina ganin ya kamata kowane yaron shago ya san ta. A ce da yamma, bayan an gama sauke motar albasa, maigida ya tara abin da ke littafi ya ga ya bambanta da abin da ya shiga asusu da naira 72,000. Kafin a fara zargin kowa, a raba bambancin da 9. Idan ya rabu daidai, kamar yadda 72,000 ya rabu, akwai yiwuwar wani ne ya juya alƙaluma biyu wajen rubutu, ya sa 680,000 a maimakon 608,000, domin duk lokacin da aka musanya gurbin alƙaluma, bambancin da ke fitowa ninkin 9 ne. Wannan ba hujja ba ce tabbatacciya, amma tana nuna inda ya kamata a fara dubawa, kuma ta fi a sake tara shafi goma daga farko.

Mataki na huɗu: ka yi aiki da rukunonin nan na uku-uku

Mutane da yawa suna ɗauka 7 da 13 ba su da gajeriyar hanya, amma suna da ita, kuma hanya ɗaya ce ke gwada su tare da 11, saboda 7 × 11 × 13 ya ba da 1,001. Ka fara daga rukunin dama, ka ɗebe mai bi masa, ka ƙara na gaba, ka ɗebe na gabansa, haka har su ƙare. A lambarmu: 608 − 509 + 967 − 247 = 819. Yanzu 819 ya tsaya a madadin babbar lambar. A raba shi da 7, ya ba da 117 daidai. A raba shi da 13, ya ba da 63 daidai. A raba shi da 11, ya ba da 74 da saura 5. Ke nan 7 da 13 suna raba lambarmu, 11 kuwa ba ya raba ta, kuma da za ka zauna ka yi doguwar rabawa da 11, saura 5 ɗin nan za ka tarar a ƙarshe. Idan sakamakon ya fito ƙasa da sifili, ka yi watsi da alamar ɗebewa, domin ba ta canza amsar ko ya rabu ko bai rabu ba.

Sai kuma ka tara rukunonin duka, ba ɗebewa: 247 + 967 + 509 + 608 = 2,331. Wannan jimla tana gwada 27 da 37 a lokaci guda, saboda 27 × 37 ya ba da 999. A raba 2,331 da 37, ya ba da 63 daidai. A raba shi da 27, ya ba da 86 da saura 9. Mun gano ke nan cewa 37 yana ciki, mun kuma gano cewa 3 yana cikin lambar sau biyu kacal, tunda 9 ya raba ta amma 27 ya kasa.

A nan zan ɗan ratse, domin abin da muka samu ya zuwa yanzu ya shafi lissafin da Musulmi ke yi kullum. Kason magada da Alƙur'ani ya ƙayyade su ne rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, kuma 24 ita ce mafi ƙanƙantar lambar da ke fitar da su duka ba tare da ɓari ba. Tunda 8 da 3 suna raba lambarmu, 24 ma yana raba ta. Da a ce naira ce, sumunin mata zai fito 30,995,938,701 cif, kashi ɗaya cikin 24 kuwa 10,331,979,567. Amma idan mamaci ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, kasonsu yakan tashi 3 da 16 da 4 da 4, jimla 27, mas'alar ta yi auli, wato adadin kason da za a raba dukiyar ya ƙaru daga 24 zuwa 27, kuma mun riga mun san za a sami ragowar naira 9 da sai an mai da ita kwabo. Haka zakka, wadda kashi ɗaya ce cikin 40: tunda 5 ba ya raba lambar, za a sami 6,199,187,740 da saura 8. Hukuncin wa zai ci gado da wanda aka katange na malamai ne, amma mai riƙe da biro ya kamata ya san tun da wuri inda ɓari zai fito.

Mataki na biyar: ka fitar da abin da ka gano

Yanzu ne za a yi rabawa, ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta kowane sakamako. 247,967,509,608 a raba 8 ya ba da 30,995,938,701. Wannan a raba 9 ya ba da 3,443,993,189. A raba 7, ya ba da 491,999,027. A raba 13, ya ba da 37,846,079. A raba 37, ya ba da 1,022,867. Lamba mai alƙaluma 12 ta koma mai alƙaluma 7.

Kada ka wuce ba ka sake gwada ragowar ba, domin 7 ko 13 ko 37 suna iya kasancewa a ciki fiye da sau ɗaya. Rukunonin 1,022,867 su ne 1, 022 da 867. Ɗebewa da ƙarawa: 867 − 22 + 1 = 846, wanda ke barin saura 6 idan an raba da 7, da saura 1 idan an raba da 13. Tarawa: 890, wanda ke barin saura 2 idan an raba da 37. Babu ɗayansu da ya rage a ciki.

Mataki na shida: ragowar da ta ƙi rabuwa

A nan gizo ke saƙa. Akwai lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da 19, waɗanda ɗalibai suka sani da sunan firaim, ni kuma zan kira su gagara-raba. Kowace lamba da ta haura 1, ko dai gagara-raba ce, ko kuma ninkin wasu gagara-raba, kuma hanya ɗaya tak ake warware ta zuwa gare su. Tambayar da ke gabanmu ita ce: 1,022,867 gagara-raba ce, ko tana ɓoye wasu a cikinta?

Abu na farko shi ne sanin iyakar bincike. Idan lambobi biyu suka ninka juna suka ba da wata lamba, dole ɗaya daga cikinsu ba ta wuce saiwar murabba'in lambar ba, wato adadin da idan aka ninka shi da kansa zai ba da lambar, domin da duka biyun sun wuce ta, da ninkinsu ya zarce lambar. To 1,011 × 1,011 ya ba da 1,022,121, yayin da 1,012 × 1,012 ya ba da 1,024,144, don haka saiwar tana tsakanin 1,011 da 1,012. Ba a buƙatar gwada komai sama da 1,011, kuma ko a ƙasa da shi gagara-raba kaɗai za a gwada. Guda 168 ne a ƙasa da 1,000, sai 1,009 ta cike 169. Ka lura da ribar bin tsari: da mun tunkari lambar farko kai tsaye, saiwarta tana tsakanin 497,963 da 497,964, iyakar binciken ke nan ta kusa rabin miliyan.

Gwaji 169 aiki ne mai yiwuwa da kalkuleta, kuma yana da kyau ka fara da ƙananan, 17, 19, 23, 29, 31, 41, 43, 47, har zuwa wajen 100, domin yawancin lambobi a nan suke fashewa. Idan kana son ragowa daga kalkuleta, ka raba, ka yar da abin da ke bayan ɗigo, ka ninka abin da ya rage da mai rabawar, ka ɗebe daga lambar. A tamu duk waɗannan za su kasa.

Idan ƙananan sun kasa, sai ka juya ka fara daga sama da dabarar da Pierre de Fermat, masanin lissafi ɗan Faransa, ya bayyana a ƙarni na 17. Tushenta shi ne, idan ka ɗebe wani murabba'i daga wani, sakamakon daidai yake da jimlar saiwoyinsu sau bambancinsu; misali 100 − 9 = 91, kuma 13 × 7 = 91. Saboda haka za ka ɗauki lambobin da ke sama da saiwar ɗaya bayan ɗaya, ka ninka kowace da kanta, ka ɗebe lambarka, ka duba ko abin da ya rage murabba'i ne. Fara da 1,012: 1,024,144 − 1,022,867 = 1,277. Ya ƙare da 7, ba murabba'i ba ne, ba sai ka taɓa kalkuleta ba. Sai 1,013: 1,026,169 − 1,022,867 = 3,302. Ya ƙare da 2, shi ma a wuce. Sai 1,014: 1,028,196 − 1,022,867 = 5,329. Wannan ya ƙare da 9, ya cancanci a duba, kuma 73 × 73 ya ba da 5,329 daidai. Ke nan 1,014 − 73 = 941, kuma 1,014 + 73 = 1,087, su ne masu raba ragowar. Gwaji uku ya wadatar, alhali 941 ita ce gagara-raba ta 160 a jeri, wato da daga ƙasa muka ci gaba da hawa, da sai mun kusa ƙure jerin kafin mu iske ta. Sai dai dabarar tana da sauri ne kawai idan masu rabawar biyu suna kusa da juna. Idan ɗaya ƙarama ce ɗaya babba, tana iya cin dubban gwaji, shi ya sa ake fara share ƙananan tukuna.

Saura a tabbatar da 941 da 1,087 su kansu. Saiwar 941 ba ta kai 31 ba, don haka gwajin 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23 da 29 ya isa, kuma babu mai raba ta. Saiwar 1,087 ba ta kai 33 ba, sai a ƙara 31 a jerin, shi ma ba ya raba ta, yana barin saura 2. Duka biyun gagara-raba ne. Cikakkiyar warwarar lambarmu ke nan, inda 2³ ke nufin 2 × 2 × 2, 3² kuma 3 × 3:

247,967,509,608 = 2³ × 3² × 7 × 13 × 37 × 941 × 1,087

Mataki na bakwai: ka tabbatar, sannan ka ci moriyar warwarar

Ka sake ninka su ka ga ko za ka koma inda ka fito. Ƙananan sun ba da 8 × 9 × 7 × 13 × 37 = 242,424, kuma wannan sau 1,022,867 ya mai da mu ga lambar farko. Don duba ninki cikin sauri, ka yi amfani da ƙa'idar 9: alƙaluman 941 sun taru 14, wato 5 idan an sake tara 1 da 4; na 1,087 sun taru 16, wato 7; 5 × 7 = 35, wato 8; alƙaluman 1,022,867 kuwa sun taru 26, wato 8. Sun dace. Idan ba su dace ba, tabbas akwai kuskure. Idan sun dace, ba a rantse ba, domin wannan gwaji ba ya kama juyin alƙaluma, saboda dalilin da muka gani a mataki na uku.

Daga warwarar ake sanin yawan lambobin da ke raba ta, ba tare da an jera su ba. Ka ƙara ɗaya a kan yawan fitowar kowace gagara-raba, ka ninka sakamakon. 2 ya fito sau uku, ya zama 4. 3 ya fito sau biyu, ya zama 3. Sauran biyar kowace sau ɗaya, kowace ta zama 2. Ke nan 4 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 × 2 = 384. Dalili shi ne, duk mai raba lambar ana gina shi ne da zaɓi: ko ka bar 2 gaba ɗaya, ko ka ɗauke shi sau ɗaya, ko biyu, ko uku, zaɓi huɗu ke nan, haka kuma ga sauran. Lambobi 384 ne ke raba ta, har da 1 da ita kanta. Masu rabawa suna zuwa ne biyu-biyu, ƙarami da babban abokinsa, murabba'i ne kaɗai ke da yawan masu rabawa mara, don haka fitowar 384 cika ta dace da abin da wutsiya ta faɗa mana tun farko.

Jimlarsu ma tana fitowa ta irin wannan hanya: (1 + 2 + 4 + 8) × (1 + 3 + 9) × 8 × 14 × 38 × 942 × 1,088 = 850,581,688,320. Idan aka cire lambar kanta, saura 602,614,178,712, wanda ya ninka ta fiye da sau biyu. Masana tun zamanin Girkawan da sun kasa lambobi gida uku ta wannan ma'auni: wadda jimlar masu raba ta ta gaza ta, da wadda ta zarce ta, da kammalalliya wadda suka yi daidai, kamar 6, 28, 496 da 8,128. Tamu tana cikin gida na biyu.

Mataki na takwas: ka san iyakar na'urarka

Kalkuletar kanti mai gurbi 12 za ta ɗauki lambarmu da ƙyar, amma mai gurbi 8 ko 10 ba za ta ɗauka ba. Ta kimiyya da ɗalibai ke riƙewa yawanci alƙaluma 10 take nunawa, sai ta rubuta 2.479675096 × 10¹¹, alƙaluma biyun ƙarshe sun ɓace daga allo, alhali a kansu gwajin 2 da 4 da 5 ya dogara. Manhajar Excel kuwa alƙaluma 15 kaɗai take riƙewa daidai, duk abin da ya biyo baya sai ta mai da shi sifili ba tare da gargaɗi ba. Wanda ya shigar da lambar kati mai alƙaluma 16 zai tarar na ƙarshe ya koma 0, wanda ya shigar da lambar waya kuma zai ga sifilin farko ya gudu. Maganin shi ne a mai da gurbin na rubutu kafin a shigar da lambar. Wannan asara ba ƙarama ba ce, domin alƙalamin ƙarshe na katin banki da na lambar asusu alƙalamin tantancewa ne, ana lissafo shi daga sauran, kuma da shi na'ura ke gane an yi kuskuren bugawa.

Kwamfuta tana ajiye lamba ne da 0 da 1. Tunda 2³⁷ ya ba da 137,438,953,472 kuma 2³⁸ ya ba da 274,877,906,944, lambarmu da ke tsakaninsu tana buƙatar gurbi 38, kuma ukun ƙarshe sifili ne saboda 8 yana raba ta. Manhajar da ke ajiye adadi a gurbi 32, wadda iyakarta 2,147,483,647, ba za ta iya riƙe ta ba. Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ba shi da wannan iyaka ga cikakkun lambobi, kuma idan ka rubuta 247967509608 % 37 zai ba ka 0, wato ragowar rabawa.

Idan lambar ta wuce ƙarfin biro

Akwai girman da gwajin rabawa ba ya kaiwa, ko da kwamfuta. A nan ake komawa ga wata ƙa'idar Fermat ta shekarar 1640: idan lamba gagara-raba ce kuma ba 2 ba, to ka jera 2 sau yawan lambar ban da ɗaya, ka ninka su, ka raba da lambar, saura 1 zai fito. Ga 7, 2⁶ = 64, a raba 7 saura 1. Ga 9, 2⁸ = 256, a raba 9 saura 4, wanda ya tona cewa 9 tana rabuwa. Duk lambar da ta faɗi wannan gwaji tabbas tana rabuwa, ko da ba a san mai raba ta ba. Wadda ta ci kuwa ba a gama da ita ba, domin 341 tana ci alhali 11 × 31 ce, kuma 561, wadda 3 × 11 × 17 ce, tana ci da kowace lamba aka maye gurbin 2 da ita muddin ba su haɗa mai rabawa ba. Saboda irin waɗannan ne manhajoji ke amfani da ingantaccen gwajin da ake kira Miller-Rabin. Fermat kansa ya ɗauka 4,294,967,297 gagara-raba ce, sai a 1732 Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Switzerland, ya nuna cewa 641 × 6,700,417 ce, don haka kada a yanke wa lamba hukunci don kawai ƙananan gwaje-gwaje sun kasa fasa ta.

Wahalar da muka sha a kan 1,022,867 ita ce ginshiƙin tsarin ɓoye bayanai na RSA, wanda aka fitar a 1977, kuma har yau ana amfani da shi wajen tsare mu'amala a intanet. Ninka manyan gagara-raba biyu abu ne na ƙiftawar ido, amma gano su daga sakamakon aiki ne mai cin shekaru. A 2020 masu bincike sun warware irin wannan lamba mai alƙaluma 250 da taron kwamfutoci, alhali mabuɗan da aka saba amfani da su suna da alƙaluma 617.

Ko lambar da ba za ta rubutu a takarda ba tana amsa wasu tambayoyi. A watan Oktoba na 2024, Luke Durant, ɗan Amurka, ya gano gagara-raba da ta zarce duk waɗanda aka sani kafin ita, wato 2 a jere sau 136,279,841 an ninka, a ɗebe 1. Don sanin alƙalaminta na ƙarshe, ka lura ninkin 2 yana ƙarewa da 2, 4, 8, 6, sannan ya sake zagayowa. Ka raba 136,279,841 da 4, alƙaluma biyun ƙarshe, 41, suna barin saura 1, don haka ninkin ya ƙare da 2, a ɗebe 1 ya zama 1. Don sanin tsawonta, ka ninka 136,279,841 da 0.30102999566, wato logaritim na 2, za ka sami 41,024,319 da ɗoriya, ka yar da ɗoriyar ka ƙara ɗaya, alƙaluma 41,024,320 ke nan. Ka kula kada ka taƙaita wannan ma'auni zuwa 0.30103 kamar yadda yake a teburin makaranta, domin a lamba mai wannan girma ɗan bambancin yana taruwa har ya ba ka 41,024,321, wato ƙarin alƙalami guda da babu shi.